Hankalin Alƙali da Nassin Doka: Gurbin Ra'ayin Ɗan Adam a Shari'ar Laifuka a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi gurbin da hankalin ɗan Adam yake da shi wajen aiwatar da dokar laifuka, ta hanyar bin wasu shari'o'in kisan kai da na haddi da aka yi a Arewacin Nijeriya tsakanin 1947 da 2003. An nuna cewa duk lokacin da masu tsara doka suka toshe wa alƙali ƙofar amfani da ra'ayinsa a wani wuri, ra'ayin yakan ɓullo ta wani wurin, ko wajen gano niyya, ko wajen auna hujja, ko wajen fassara abin da wanda ake tuhuma ya faɗa da bakinsa.

1.0 Gabatarwa

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya sharɗanta cewa ba za a kama kowa da laifi ba sai laifin yana rubuce cikin wata doka, an fayyace shi, an kuma faɗi hukuncinsa. Manufar wannan sharaɗi a fili take, wato kada ran mutum ko 'yancinsa ya rataya a kan abin da wanda ke bisa kujerar shari'a ya ga dama. Sai dai rubuta doka daban, ɗora ta a kan wani mutum takamaimai daban. Doka takan ce wanda ya yi kisa da gangan a kashe shi, amma ba ta halarci wurin da aka yi rigimar ba, ba ta ji zagin da ya gabaci duka ba. Alƙali ne zai saurari shaidu, ya gaskata wannan, ya yi shakkar wancan, sannan ya yanke cewa abin da ya faru ya shiga ƙarƙashin wannan sashe ko wancan.

Ra'ayin da ake magana a kansa a nan ba son zuciya ba ne, ba kuma cin hanci ba. Waɗannan cututtuka ne da aka san sunansu, aka san maganinsu. Abin da ake nufi shi ne aikin hankali da ya rage a wuyan alƙali mai gaskiya bayan ya karanta duk abin da doka ta ce. Musulunci ya yarda da samuwar wannan gurbi tun farko. Ya zo a hadisin Ummu Salama cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu husuma cewa yana hukunci ne da abin da ya ji, kuma wani yana iya fin wani iya tsara hujja. An kuma hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Da hukunci lissafi ne kawai, da babu dalilin damuwa da halin da mai yin sa yake ciki.

Arewacin Nijeriya wuri ne da ya dace da wannan nazari domin tsare-tsare huɗu sun hau kan juna a ƙasa guda cikin ƙarni ɗaya: fiƙihun Malikiyya da alƙalai da majalisun sarakuna suke aiki da shi tun kafin zuwan Turawa, da Kiriminal Kod da gwamnatin Lugga ta kawo a 1904, da Final Kod da ta fara aiki a 1960, da kuma kundayen laifukan Shari'a da jihohi suka fara kafawa daga 2000.

2.0 Niyya da Yadda Ake Gano Ta

Niyya a zuci take, ido ba ya ganin ta. Kowane tsarin shari'a sai ya nemi wata alama ta waje da zai kafa a madadinta. Imamu Abu Hanifa ya dubi makami: in an yi kisa da abu mai kaifi, kamar wuƙa ko takobi, ganganci ne, in kuwa da wani abu ne daban, hukuncin yakan sauka zuwa matakin da ke tsakanin ganganci da kuskure. Imamu Malik bai yarda da wannan matsakaicin mataki ba a mafi yawan mas'aloli. A wurinsa kisa iri biyu ne, ganganci da kuskure, kuma duk bugun da aka yi da gaba, ko da mari ne ko sanda, in ya kai ga mutuwa, ganganci ne da ke wajabta ƙisasi. Fushi ba ya rage komai. Ana iya ganin wannan a matsayin ƙoƙarin rage wa alƙali aikin shiga zuciyar mutum. Duk da haka ba a raba shi da aikin ba, domin shi ne zai tantance ko bugun na gaba ne, ko na wasa, ko na ladabtarwa, kuma hukuncin ukun ba ɗaya ba ne.

Tausayi kuma ba a kore shi daga tsarin ba, an dai ajiye shi a hannun waliyyan jini. Su ke da haƙƙin neman ƙisasi ko yin afuwa, kuma in sun yafe, Malikiyya sun ce a yi wa mai kisan bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. Wato tambayar ko wannan mutum ya cancanci mutuwa tana nan, amma dangin mamaci ne masu amsa ta.

Wannan tsari ya yi karo da na Turawa a shari'ar Tsofo Gubba da En'en Gwandu. Tsofo Gubba ya kashe kwarton matarsa, kotun Sarkin Gwandu ta same shi da kisan ganganci bisa fiƙihun Malikiyya, ta yanke masa hukuncin kisa. Da maganar ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma a 1947, sai ta soke hukuncin, domin a ƙarƙashin Kiriminal Kod wanda aka tunzura har ya fita hayyacinsa ba a kashe shi. Aiki guda, mutum guda, amma rayuwarsa ta dogara da kotun da aka fara kai shi. Sarakuna da alƙalai sun ɗauki wannan hukunci a matsayin katsalandan cikin Shari'a, aka yi ta gyaran dokokin kotunan En'e shekara da shekaru ba tare da an daidaita ba. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Landan da wasu 'yan ƙasa. Shawararsu ce ta haifi Final Kod, wadda aka ɗauko samfurinta daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan ta samo asali daga kundin laifukan Indiya na 1860.

2.1 Wane ne "Mutum Mai Hankali"?

Final Kod ta kawo ƙarshen saɓanin kotuna, amma ta buɗe wa alƙali wata ƙofa mai faɗi. Sashe na 221 ya ce kisa yana jawo hukuncin kisa in an yi shi da nufin kashewa, ko kuma in mai aikin ya san, ko yana da dalilin sanin, cewa mutuwa ita ce sakamakon da aka saba gani daga irin wannan aiki. In kuwa mutuwar abu ce da kawai ba za ta ba da mamaki ba, laifin ya sauka zuwa wanda ba a kashe mai yin sa. Kalmomin Ingilishi biyu da aka gina wannan bambanci a kansu maƙwabtan juna ne ƙwarai, har mai jin harshen ma yakan yi amfani da ɗaya a gurbin ɗaya. Sashe na 19 da ya yi ƙoƙarin raba su ya mayar da awon ga abin da "mutum mai hankali" zai gani. Sanda a kan kafaɗa da sanda a tsakar ka, sara a cinya da sara a wuya, bugu ɗaya da bugu uku: tsakanin waɗannan ne igiyar rataya take, kuma dokar da kanta ta bar wa mai shari'a ya duba abin da ya faru ya yanke.

Sashe na 222 ya ƙara da cewa ba a yanke hukuncin kisa ga wanda ya yi kisa a lokacin da wata tunzurawa mai tsanani, ta ba-zata, ta raba shi da ikon mallakar kansa. A nan ma kotuna sun dogara da mutumin nan mai hankali. Ba ya isa a ce wanda ake tuhuma ya fusata, sai an tambaya ko matsakaicin mutum zai fusata haka, kuma ko ramuwar ta yi daidai da tsokanar. To, wane ne wannan matsakaicin mutum? Ba a taɓa kiran sa shaida ba. Alƙalan Ingila sukan kwatanta shi da talakan da ke zaune cikin motar haya a wata unguwar Landan, kuma sun daɗe suna gardama a kan kamanninsa. A shari'ar Bedder ta 1954, wadda ta shafi wani saurayi marar ƙarfin mazakuta da aka yi wa gori, Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta ce ba za a ɗora wa mutum mai hankali wannan lalura ba. A shari'ar Camplin ta 1978, wadda ta shafi yaro ɗan shekara 15, sai ta yarda a yi la'akari da shekaru da jinsi.

A Nijeriya an bi wata hanya tun da wuri. A shari'ar Adekanmi ta 1944, inda mata ta yi wa mijinta gorin rashin mazakuta, kotu ta ce awon shi ne mutum mai hankali da ke matsayi irin na wanda ake tuhuma a rayuwa. Dalilin da aka bayar kuwa shi ne wai manomin da bai yi boko ba ya fi wayayye saurin fusata. Wannan hujja ta ceci wuyan mutane da dama, amma da raini ta cece su, kuma ta nuna yadda tunanin zamanin mulkin mallaka ya shiga cikin hukunci ta ƙofar da doka ta bari a buɗe. Bayan haka kotuna sun koma duban al'ada da addini. A shari'ar Ruma da En'en Daura ta 1960 batun kiran Musulmi kare ne, a ta Adamu Kumo ta 1967 kuma mata ce ta kira mijinta arne, kuma a duka biyun kotun sama ta karɓi cewa irin wannan kalma tana iya zama tunzurawa gwargwadon nauyinta a cikin al'ummar da aka faɗe ta.

A nan ne shari'a ta shigo gonar masu nazarin Hausa ba tare da ta yi sallama ba. Nauyin zagi ba a cikin ƙamus yake ba. Kalmar da taubashi zai jefi taubashinsa da ita a yi dariya, ko Bafulatani ya faɗa wa Babarbare a wajen wasa, ita ce za ta sa a zare wuƙa in ta fito daga bakin baƙo a tsakiyar kasuwa. Zagin uwa a tasha ya zama kamar gishirin magana, a zauren surukai kuwa babu mai ɗaukar sa. Alƙalin da zai auna wannan yana aunawa ne da saninsa na mutane, kuma saninsa ya taƙaita ga inda ya tashi da waɗanda ya zauna da su.

Sharaɗin ba-zata shi ma yana da nasa son kai. An gina shi a kan siffar fushin namiji mai ƙarfi, wanda ke ramawa nan take. Matar da ta shekara goma tana shan duka, wadda ba ta iya ramawa sai mijin ya yi barci, ba ta shiga wannan siffa cikin sauƙi. Shari'ar Ahluwalia ta 1992 ta tayar da wannan muhawara a Ingila, kuma a 2009 ƙasar ta soke kariyar tunzurawa ta maye gurbinta da wata da ba ta buƙatar ba-zata. Sashe na 222 na Final Kod da aka gada daga 1960 ya ginu ne a kan tsohon sharaɗin.

3.0 Haddi da Shubuha

Ana iya zaton cewa haddi ne wurin da ra'ayi ba shi da gurbi, tunda hukuncinsa ƙayyadadde ne, alƙali ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Wannan zato ya yi tasiri sosai a lokacin da Jihar Zamfara ta fara aiki da kundin laifukan Shari'a a watan Janairun 2000, sauran jihohi goma sha ɗaya suka biyo baya. Jama'a da dama sun yi fatan samun shari'ar da babu lauje cikin naɗi, wadda ba ta san babba da yaro ba. Amma malaman fiƙihu sun kewaye haddi da sharuɗɗa masu yawa, suka kuma kafa ƙa'idar cewa shubuha tana tunkuɗe shi. A sata, sai abin ya kai nisabi, wato rubu'in dinari ko dirhami uku a Malikiyya, sai an fitar da shi daga ma'ajinsa, sai ɓarawon ba shi da wani haƙƙi a cikinsa. Ko garken shanu a bakin daji ma'aji ne? Ko yunwa ta kai matsayin lalura, kamar yadda Halifa Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar fari? Hukuncin a ƙayyade yake, amma hanyar isa gare shi duk aikin hankali ce.

Shari'ar Amina Lawal ta nuna wannan a sarari. A watan Maris na 2002 kotun Shari'a ta Bakori a Jihar Katsina ta yanke mata hukuncin jifa bisa iƙirarinta da kuma haihuwar da ta yi ba ta da aure. Mutumin da ta ambata ya musanta, ya yi rantsuwa, aka sallame shi. A watan Agusta babbar kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin. Alƙalan nan ba su ƙirƙiro komai ba, domin Malikiyya, saɓanin Hanafiyya da Shafi'iyya, suna ɗaukar cikin macen da ba ta da miji a matsayin hujjar zina. A ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta wanke ta, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Daga cikin dalilansu akwai cewa alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali dokar jihar ta buƙaci ya zauna da mataimaka, da cewa mai iƙirarin zina yana da damar janye iƙirarinsa, da kuma mas'alar kwantacce, wato ra'ayin Malikiyya cewa ciki yana iya kwanciya har shekara biyar, don haka ana iya danganta shi ga tsohon miji in rabuwar ba ta kai haka ba.

Abin lura shi ne, waɗanda suka yanke hukuncin jifa da waɗanda suka soke shi mazhaba ɗaya suke bi, littattafai ɗaya suka karanta. Mas'alar ciki hujja ne da mas'alar kwantacce duk suna cikin gado guda, malaman da suka tsananta a ɗaya su ne suka buɗe mafita a ɗayar. Bambancin ya zo ne daga wadda kowane alƙali ya ga ta fi dacewa da matar da ke gabansa. Ba a rasa masu cewa matsin lamba daga ƙasashen waje ne ya juya akalar shari'ar, kuma babu mai musun cewa duniya ta zuba ido a lokacin. Amma ko da haka ne, hujjojin da aka kafa daga cikin fiƙihu suka fito, kuma alƙali na biyar da ya saɓa ya sha matsin da sauran suka sha. Haka aka yi a Sakkwato a watan Maris na 2002, inda kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin jifa da kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini, har da dalilin cewa ba a hukunta mutum da dokar da ba ta fara aiki ba a lokacin da ake zargin ya yi laifin.

4.0 Kafin Alƙali da Bayansa

Ba alƙali kaɗai ne mai ra'ayi a tafiyar shari'a ba. Ɗan sanda ne ke fara zaɓen wanda za a tsare da wanda za a ce su je gida su sasanta. Mai gabatar da ƙara ne ke zaɓen sashen da zai shigar da tuhuma a ƙarƙashinsa, kuma sashe na 211 na Tsarin Mulki ya ba Antoni Janar na jiha ikon janye ƙara a kowane mataki kafin yanke hukunci. A laifukan da doka ta wajabta kisa, kamar kisan kai da fashi da makami, an ɗaure hannun mai shari'a, sai nauyin ya koma kan gwamna, wanda zai sa hannu ko ya yi afuwa bisa sashe na 212. Yawancin gwamnoni ba sa yin ko ɗaya, shi ya sa dubban mutane suke zaune a gidajen yari suna jiran hukuncin da ba a zartar ba, ba a kuma sauya ba. Inda aka sakar wa alƙali mara kuwa, faɗin filin yana da ban tsoro: sashe na 224 na Final Kod ya ba shi zaɓi tun daga tara har zuwa ɗaurin rai da rai a kan laifi guda.

5.0 Bakin Mai Laifi da Alƙalamin Kotu

Akwai wani mataki da litattafan shari'a ba su cika tsayawa a kansa ba. Manyan kotuna da kotunan majistare da Ingilishi suke rubuta bayanansu, alhali yawancin masu tsayawa gabansu a Kano ko Katsina ko Zariya da Hausa suke magana. Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifinsa cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Kotunan ɗaukaka ƙara sun daɗe da kafa cewa in an ɗauki jawabin mutum a ofishin 'yan sanda ta bakin tafinta, sai an kira tafintan ya ba da shaida kafin a dogara da jawabin. Wannan duk ya kare siffar aikin, amma bai taɓa zaɓen kalma ba.

A Hausa "da gangan" yana nufin da nufi, amma "ganganci" yana ɗaukar ma'anar kasada da rashin kula, kamar yadda ake cewa tuƙin ganganci. Direban da ya ce "na yi ganganci" yana amsa sakaci ne, tafintan da ya mayar da maganarsa zuwa "na yi da nufi" ya ɗaga laifin daga wani sashe zuwa wani. "Tsautsayi ne" ba musu ba ne, ba kuma amsa laifi ba ne, hanya ce ta mayar da al'amari ga ƙaddara wadda mai laifi da marar laifi duk suke bi. "A yi haƙuri" da "a yi mini afuwa" ladabi ne da talaka ya saba yi a gaban kowane mai iko ko da shi aka zalunta, amma a takarda suna kama da iƙirari. A laifin da hukuncinsa kisa ne doka ta sa kotu ta rubuta cewa mutum bai amsa ba ko da ya amsa, a ƙananan laifuka kuwa wannan kalma guda tana iya rufe shari'a cikin minti biyar. Ko a kotunan Shari'a, inda da Hausa ake zama, "zina" da "sata" a bakin ƙauye sun fi ma'anarsu ta fiƙihu faɗi nesa ba kusa ba, don haka wanda ya ce ya yi sata bai ce ya fitar da nisabi daga ma'aji ba.

Sai kuma abin da ba a faɗa da baki ba. Ƙa'ida ce tabbatacciya cewa kotun ɗaukaka ƙara ba ta cika taɓa ra'ayin alƙalin farko game da gaskiyar shaida ba, domin shi ne ya gan shi, ya lura da yadda ya tsaya da yadda ya amsa. Horon lauyoyi da aka gada daga Ingila yana karanta sunkuyar da kai da jinkirin amsa a matsayin alamar rashin gaskiya. Tarbiyyar Hausa kuwa ta koya wa yaro da mace kada su haɗa ido da babba, ta kuma hana matar aure kiran sunan mijinta ko bayyana abin da ya shafi shimfiɗa a gaban maza. Matar da ta rufe fuska da mayafi ta yi shiru a kan tambayar lauya tana iya zama mai ɓoye gaskiya, tana kuma iya zama mai kunya. Abin da zai isa kotun sama daga wannan zama shi ne layi ɗaya a cikin kundin shari'a, inda alƙali ya rubuta cewa ya lura da shaidar kuma bai gamsu da ita ba.